"Ya jiki?" "Da sauƙi": yadda ake auna ingancin rayuwar mai ciwon ƙodar da ya yi nisa

Likita ya shigo zagaye, ya tsaya a kan wani bawan Allah da ke kishingiɗe a kujerar wankin ƙoda, allurai biyu a dantsensa, jininsa na fita ta wata siririyar roba yana dawowa ta wata.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi, likita."

Likita ya buɗa fayil, ya ga gwajin jinin wannan wata ya yi kyau, injin yana wanke dattin da ya kamata, nauyin ruwan da mutumin ya tara bai wuce kima ba. Ya gyaɗa kai ya wuce kujera ta gaba. Duka tsayuwar ba ta kai minti biyu ba. Abin da bai shiga fayil ba shi ne, mutumin nan kwana uku ke nan bai yi barcin kirki ba saboda ƙaiƙayi, ya sosa bayansa har ya kwailaye, kuma in ya koma gida yau ba zai ƙara moruwa ba sai gobe da hantsi. Shi bai yi ƙarya ba, likita ma bai yi sakaci da gangan ba. Tambayar ce kawai ba ta da faɗin da za ta ɗauki amsar. Wannan giɓi da ke tsakanin abin da takarda ke nunawa da abin da jiki ke gaya wa mai shi, shi masana suka shafe shekaru suna neman ma'aunin da zai kama shi.

Kafin mu shiga batun ma'auni, mu san wa ake nufi. Ana raba ciwon ƙoda mai daɗewa zuwa matakai biyar, tsarin da Gidauniyar Ƙoda ta Amurka ta fitar a 2002, kuma ana dogara ne da ƙiyasin yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Lafiyayyen matashi lambarsa ta haura 90. In ta faɗo tsakanin 15 da 29 an shiga mataki na 4, in ta gaza 15 an shiga mataki na 5, inda ƙoda ta kusa ajiye aiki gaba ɗaya. A nan hanya takan rabu huɗu. Akwai wankin jini ta inji, wanda galibi sau uku ake yi a mako, kowane zama kimanin awa huɗu. Akwai wanki ta fatar cikin ciki, da mutum kan yi da kansa a gida kullum. Akwai dashen ƙoda. Akwai kuma kulawa ba tare da wanki ba, inda ake mai da hankali kan rage wahala. Kowace hanya da irin rayuwar da take bari mutum ya yi, kuma zaɓi a tsakaninsu ba ya yiwuwa da adalci sai an san irin rayuwar.

A farkon tarihin wankin ƙoda ba wanda ya damu da wannan tambaya, kuma ba laifinsu ba ne. Lokacin da Willem Kolff ya ceto majinyaciyarsa ta farko da injinsa a Holand a 1945, da lokacin da Belding Scribner ya ƙirƙiro hanyar da ake iya maimaita wankin ba tare da lalata jijiya ba a Seattle a 1960, abin da ake nema ɗaya ne: mutum ya kai gobe. Daga baya aka samu lissafin da ake kira Kt/V, wanda Frank Gotch da John Sargent suka gabatar a 1985, yana nuna yawan dattin da injin ya cire gwargwadon girman jikin mutum. Lamba ce mai amfani, har yau da ita ake aiki. Sai dai a 2002 wani babban bincike da aka yi a Amurka, mai suna HEMO, ya nuna cewa ƙara yawan wanki sama da mizanin da aka saba bai ƙara wa mutane tsawon rai a zahiri ba. Wato lambar inji tana da iyakar da in ta kai, ƙarin ta ba ya sauya komai. Mutane kuwa suna nan da gajiyarsu da ƙaiƙayinsu da ƙishirwarsu.

To ta yaya ake auna abin da ba a iya ɗiba a sirinji? Yunƙurin farko da ya shahara shi ne ma'aunin David Karnofsky na ƙarshen shekarun 1940, wanda aka yi don masu ciwon daji. Likita ne ke duban majinyaci ya ba shi maki daga 0 zuwa 100, gwargwadon yadda yake iya hidimar kansa. Matsalar a fili take: mai kallo ne ke yanke hukunci. An sha gwadawa a ɗakunan wankin ƙoda, a tambayi majinyaci abin da ke damunsa, sannan a tambayi likitansa abin da yake zaton yana damunsa, sai a tarar likitoci ba su san da yawancin matsalolin ba, waɗanda suka sani ma sun raina tsananinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka aka koma ga tambayar mai jikin kai tsaye, amma da tsararrun tambayoyi iri ɗaya ga kowa, yadda za a iya mai da amsa lamba a kwatanta.

Takardar tambayoyin da ta fi yaɗuwa a duniyar likitanci ita ce SF-36, wadda John Ware da abokan aikinsa suka wallafa a 1992. Tambayoyi 36 ne da suka shafi fannoni takwas, daga iya motsi da ciwon jiki zuwa kuzari da walwalar zuciya da cuɗanya da mutane, kowane fanni ana ba shi maki daga 0 zuwa 100. Amfaninta shi ne ba ta keɓanta da wata cuta ba, don haka ana iya ɗora mai ciwon ƙoda kusa da mai ciwon zuciya ko lafiyayye a ga bambanci. Rauninta ma daga nan ya fito, domin ba ta san ƙishirwa ba, ba ta san allura ba. A 1994 Ron Hays da wasu masu bincike a cibiyar RAND ta Amurka suka gina wata a kanta musamman don masu ciwon ƙoda, suka kira ta KDQOL. Ta yi tsawo, aka yi ta rage ta har aka samu mai tambayoyi 36 da ake amfani da ita yau.

Ya dace a leƙa cikin wannan takarda, don tambayoyinta kaɗai sun isa su nuna wa wanda bai sani ba yadda cutar take. Tambayoyi 12 na farko na lafiya ne gaba ɗaya. Huɗu suna tambayar nauyin da cutar ta ɗora: shin ta cika shiga rayuwarka, tana cinye maka lokaci, tana ƙular da kai, kana jin ka zame wa iyalinka kaya? Wasu 12 suna bin jiki gaɓa-gaɓa a makonni huɗun da suka wuce: ciwon tsoka, ciwon ƙirji, ɗaurewar jijiya, ƙaiƙayi, bushewar fata, sarƙewar numfashi, jiri, rashin cin abinci, mutuwar jiki, dindiris a hannu ko ƙafa, tashin zuciya, da matsalar wurin da ake sa allura ko bututu. Takwas na ƙarshe kuwa su ne, a ganina, zuciyar takardar: yaya taƙaita shan ruwa ke damunka, da taƙaita abinci, da kasa aikin gida, da kasa yin tafiye-tafiye, da dogaro da ma'aikatan asibiti, da fargaba, da sha'anin kwanciyar aure, da yadda kamanninka suka sauya. Wanda bai taɓa zama da mutumin da ake auna masa ruwan sha na yini a ƙaramin kofi ba, yana jiƙa leɓe yana tofarwa don kada ya tara ruwa a huhu, ba zai gane me ya sa aka ware wa ruwa tambaya guda ba.

Akwai wani ma'auni na daban da masu kasafin kuɗin lafiya suka fi so, EQ-5D, wanda wata ƙungiyar masu bincike ta Turai ta fitar a 1990. Tambayoyi biyar ne kacal: tafiya, kula da kai, ayyukan yau da kullum, ciwo, da damuwa. Ana mai da amsoshin lamba ɗaya, inda 1 ke nufin cikakkiyar lafiya, 0 kuma daidai da mutuwa, har akan samu yanayin da lambarsa ke ƙasa da 0. Da wannan lamba ake ninka shekaru. Shekara biyu a kan 0.5 daidai suke da shekara ɗaya ta cikakkiyar lafiya a wannan lissafi, kuma da irinsa hukumar NICE ta Ingila ke yanke ko magani ya cancanci kuɗinsa. Abin lura a nan, darajar da ake bai wa kowane yanayi ba daga marasa lafiya ake samo ta ba, daga jama'ar gari ne, ana tambayarsu su ƙaddara kansu a cikin halin. Lafiyayyu kuwa ba su iya wannan ƙaddarawa ba. A wani bincike da aka wallafa a 2005, Jason Riis da abokansa sun raba wa masu wankin ƙoda da lafiyayyu ƙananan na'urori da ke tambayarsu yanayin zuciyarsu sau da dama a yini. Masu wankin sun fito kusan daidai da lafiyayyun a walwala, alhali lafiyayyun sun yi hasashen cewa da su ne a kan inji da baƙin ciki ya rufe su.

Wannan sakamako yana da daɗin ji, amma shi ne kuma ƙofar babbar matsalar aunawa. Ɗan Adam yana sabawa, kuma in ya saba sai ya sauya mudun da yake awo da shi. Mutumin da bara yake ɗaukar "lafiya" a matsayin yini a wurin aiki, bana yana iya ɗaukarta a matsayin iya zuwa banɗaki ba tare da an riƙe shi ba. Ka ba shi takarda a shekarun biyu, ya ba kansa 60 a duka biyun. Lamba ba ta motsa ba, rayuwar kuwa ta ƙanƙance. Shin za a ce yana nan yadda yake, ko ya ja baya? Duka amsoshin suna da hujja, kuma ban ga yadda takarda ita kaɗai za ta raba gardamar ba.

Sai batun lokaci. Mai wanki sau uku a mako ba jiki ɗaya gare shi ba. Akwai jikin safiyar ranar wanki bayan dogon hutun ƙarshen mako, a kumbure, numfashi sama-sama. Akwai jikin bayan an cire shi daga inji, an zuƙe masa lita biyu ko uku a awa huɗu, kamar an matse tsumma. Akwai kuma jikin washegari, wanda shi ne ranar da yake ɗan zama mutum. In aka miƙa masa takarda yana kan inji aka ce ya tuna makonni huɗu, wanne daga cikin ukun zai amsa? Yawanci wanda yake ciki a lokacin. Shi ya sa wasu ma'aunan suka taƙaita tunawa zuwa mako ɗaya, kamar jerin alamomi 30 da Steven Weisbord ya tsara a 2004. Wata tambaya ɗaya tilo ma ta nuna ƙarfi na ban mamaki: awa nawa kake ɗauka kafin ka dawo daidai bayan wanki? A binciken DOPPS, wanda ke bin masu wankin ƙoda a ƙasashe da dama tun 1996, kusan kashi ɗaya cikin uku sun ce ƙasa da awa biyu, ɗaya cikin goma kuma ya ce fiye da awa 12. Waɗanda suka fi daɗewa kafin su farfaɗo su ne suka fi shiga asibiti, suka fi mutuwa. Ka lissafa: awa huɗu a inji, awa 12 a kwance, sau uku a mako. Ranaku nawa suka rage wa mutum?

Wannan bincike na DOPPS shi ne ma ya rufe bakin masu cewa waɗannan tambayoyi tatsuniya ce kawai ba kimiyya ba. A 2003 an wallafa nazarin majinyata sama da 17,000 daga Amurka da Turai da Japan, aka ga cewa duk wanda makinsa na lafiyar jiki ya yi ƙasa, haɗarin mutuwarsa da kwanciyarsa a asibiti ya fi yawa, ko bayan an cire tasirin shekaru da sauran cututtuka. Jiki magayi ne, ya riga ɗakin gwaji sanin inda aka dosa.

Tarkon da ya fi ba ni tsoro shi ne na waɗanda ba su cika takardar ba. A ce an raba wa mutum ɗari a farkon shekara, aka dawo a ƙarshenta aka samu saba'in sun amsa, matsakaicin maki ya tashi. Sai a yi murna a ce kulawa ta inganta. Ina talatin ɗin? Wasu sun rasu, wasu suna kwance ba sa iya riƙe biro, wasu ido ya mutu saboda ciwon suga, wasu tunani ya rikice. Waɗanda suka fi kowa wahala su ne suka fita daga lissafi, sai matsakaici ya yi kyau. In kuwa ma'aikaciyar jinya ce ta zauna ta karanta wa mutum tambayoyin, a ɗakin da kujeru ke jere ba labule, wa zai amsa tambayar kwanciyar aure tsakani da Allah? Wa zai ce bai gamsu da kulawa ba ga wadda za ta soka masa allura jibi? Fassara ma da nata rigimar. SF-36 ta asali, in tana ba da misalin aiki matsakaici, takan ambaci tura injin shara da wasan golf. Kai wannan ga wanda bai taɓa ganin ko ɗaya ba, ka ga abin da za ka samu. Don haka ba a fassara irin wannan takarda kai tsaye a fara aiki da ita. Ana juya ta zuwa sabon harshe, wani daban ya mai da ita na asali a ga me ya ɓace, a gwada ta a kan majinyata, sannan a duba ko tana auna abin da aka ce tana aunawa.

Duk da waɗannan ramuka, akwai shawarwarin da ba a iya yanke su ba tare da ma'aunin ba. Ɗauki ƙarancin jini, wanda kusan duk mai wannan ciwo ke fama da shi, tunda ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. An daɗe ana zaton in aka ɗaga jinin ya kusa na lafiyayye da allura, mutane za su ji ƙarfi sosai. Binciken TREAT na 2009, a kan mutum kimanin 4,000 masu ciwon suga da ciwon ƙoda da ba su fara wanki ba, ya nuna gajiya ta ragu kaɗan ne kawai, shanyewar ɓarin jiki kuwa ta kusa ninkawa. Ba don an auna gajiyar da lamba ba, da ba a san ribar ba ta kai hasarar ba.

Inda abin ya fi nauyi shi ne wajen tsofaffi masu rauni. A 2009 Manjula Kurella Tamura ta bi tsofaffi 3,702 mazauna gidajen kula da gajiyayyu a Amurka da suka fara wankin ƙoda. Bayan shekara ɗaya kashi 58 cikin ɗari sun rasu, kashi 13 ne kawai suke iya hidimar kansu kamar yadda suke yi kafin a fara. A Ingila kuma, nazarin Fliss Murtagh na 2007 kan waɗanda suka haura shekara 75 ya nuna cewa wanki yana ƙara tsawon rai, amma ga masu tarin wasu cututtuka, musamman ciwon jijiyoyin zuciya, wannan fifiko yana shuɗewa. Ba ana cewa kada tsoho ya yi wanki ba ne. Ana cewa in iyali suka zauna da likita, tambayar "wata nawa zai ƙara?" tana buƙatar 'yar uwarta: a ina zai yi watannin, a gida ko a hanyar asibiti, kuma a wane hali? Don irin waɗannan majinyata aka yi gajerun takardu kamar IPOS-Renal, da aka tsara a Kwalejin King's ta Landan, wadda ke farawa da barin mutum ya faɗi da bakinsa abin da ya fi damunsa a 'yan kwanakin nan kafin a zo ga jerin tambayoyi.

Wannan salo na barin mai ciwo ya zaɓi abin da za a auna ya samu ƙarfi da shirin SONG da aka fara a 2014. An tara majinyata da masu jinyarsu da likitoci daga ƙasashe da yawa aka ce su jera abin da ya wajaba kowane bincike kan wankin jini ya auna. Abu huɗu suka tsira: mutuwa, ciwon zuciya, lafiyar wurin sa allura, da gajiya. Likitoci sun fi karkata ga mutuwa, majinyata kuwa sun ɗaga gajiya da samun damar tafiye-tafiye da lokacin da ba na inji ba. Daga nan aka fitar da ma'aunin gajiya mai tambaya uku rak: ka ji gajiya a makon nan, ka rasa kuzari, gajiyar ta hana ka ayyukanka?

Saura tambayar da takardun ba sa amsawa: in an cika, wa ke karantawa? Tun 2008 dokar Amurka ta wajabta wa cibiyoyin wankin ƙoda su riƙa auna wannan fanni a kai a kai, kuma ba wuya abin ya koma cika ƙa'ida, a tattara a zuba a kwamfuta a jira baɗi. Majinyacin da ya rubuta cewa ƙaiƙayi ya hana shi barci sau biyu bai ga an ce uffan ba, karo na uku zai zana layi ɗaya daga sama har ƙasa ya miƙa. A fannin ciwon daji an gwada ɗaya hanyar: a wata cibiya a New York, majinyata suna shigar da alamominsu ta intanet, in abu ya tsananta saƙo ya tafi ga ma'aikaciyar jinya nan take. Sakamakon da Ethan Basch ya wallafa a 2017 ya nuna waɗanda aka bi ta wannan hanya sun fi sauran daɗewa da kimanin wata biyar. Amsar da ake mayarwa ce ta yi aikin, takardar hanya ce kawai.

Kuma yawancin abin da mutumin kujerar nan zai rubuta yana da abin yi. Ƙaiƙayi a duba sinadarin fosfet da bushewar fata, akwai magunguna, har da wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2021 musamman don masu wankin jini, wanda aka tabbatar da amfaninsa ta hanyar tambayar mutane su ba ƙaiƙayinsu maki daga 0 zuwa 10. Ɗaurewar jijiya da jiri da doguwar kwanciya bayan wanki sukan sa a sake duba nauyin jikin da ake son mutum ya koma bayan an zuƙe masa ruwa, a rage saurin zuƙe ruwa, ko a ɗan sanyaya ruwan injin. Wanda ya rasa aikinsa saboda zaman safe, wataƙila abin da yake buƙata bai wuce a mai da shi layin yamma ba.